Jini Ya Ƙi Ƙaruwa Duk da Magani: Yadda Ake Binciken Cutar Siliyak Mataki-Mataki

Akwai mai ƙarancin jinin da ake gano dalilinsa a zuwa ɗaya asibiti. An ga maleriya, ko tsutsar ciki, ko mace ce da ke zubar da jini da yawa lokacin al'ada. A yi magani, jini ya dawo. Akwai kuma wanda ya sha ƙwayar ayon, wato maganin sinadarin ƙarfe, wata da watanni, ya ci hanta da alayyafo har ya gaji, wataƙila ma an taɓa ƙara masa leda ɗaya ko biyu, amma duk sanda aka auna PCV ɗinsa, wato awon yawan jini, sai a ga yana nan inda yake, ko ya ɗan hau ya sake sauka. Wannan jagorar ta na biyun ce, shi da masu jinyarsa da ma'aikatan lafiyar da ke duba shi.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa jini ya ƙi ƙaruwa haka ita ce cutar siliyak. Akwai wani sinadari mai suna gulutin a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rai. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Ga mafi yawan mutane abinci ne kawai. Ga wanda ya gaji halittar cutar kuwa, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jikinsa ta tashi, ta dinga lalata bangon hanjin. Bangon nan a lulluɓe yake da 'yan tsirrai ƙanana masu tsotse amfanin abinci, kamar gashin sabon tawul. Cutar takan cinye su har wurin ya zama sumul irin na tawul ɗin da ya tsufa. Kuma inda ɓarnar ta fi tsanani shi ne farkon hanjin, daidai inda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe da folik, wani bitamin da jiki ke buƙata wajen ƙera jini. Shi ya sa ƙwayar ayon ke shiga ta baki ta fita a bayan gida ba tare da ta tsinana komai ba.

An daɗe ana ɗaukar ta cutar Turawa. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama, bayan ya lura yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi a yunwar 1944 zuwa 1945 lokacin da burodi ya yanke, suka kuma koma ciwo da burodi ya dawo. Amma a 1999 wani bincike kan yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya same ta a jikin kashi 5.6 cikin 100, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa gani, alhali a duniya baki ɗaya kusan mutum 1 ne cikin 100. Ana ganin ta a Sudan da sauran ƙasashen Arewacin Afirka. Mu kuma da burodi da taliya da indomi suka zama abincin yau da gobe a biranenmu, ba mu da dalilin cire ta daga lissafi. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2018 ya nuna kusan mutum 1 cikin 30 na masu ƙarancin jini saboda rashin sinadarin ƙarfe suna da siliyak. Da yawansu ba su taɓa yin gudawar da za ta ja hankali ba.

Kafin komai: idan mara lafiya yana haki ko a zaune, ko yana suma, ko yana aman jini, ko bayan gidansa baƙi ne wuluk mai wari alhali ba ya shan ayon, ko haemoglobin ɗinsa, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya yi ƙasa da 7, wannan na sashen gaggawa ne. Binciken siliyak zai jira.

Mataki na 1: a tabbatar wane irin ƙarancin jini ne

PCV kaɗai bai isa ba. Yana faɗa maka jini ya yi ƙasa, ba ya faɗa maka dalili. A nemi cikakken gwajin jini, wanda ake rubutawa FBC a takardar lab, tare da duba jinin a ƙarƙashin madubin likita. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne haemoglobin ƙasa da 13 ga namiji baligi, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu.

A takardar sakamakon, nemi MCV, wato girman jajayen ƙwayoyin jini. Idan ya yi ƙasa da 80, ƙwayoyin sun tsuke, kuma rashin ƙarfe ne abin da aka fi zargi. Sai dai a nan siliyak na da wani ruɗi. Rashin ƙarfe yana ƙanƙanta ƙwayoyin, rashin folik ko B12 yana kumbura su. Idan mutum yana da duka biyun, na'ura za ta haɗa manya da ƙanana ta fitar da matsakaici, MCV ya fito daidai kamar ba komai. Abin da zai tona asiri shi ne hawan RDW, wato awon bambancin girman ƙwayoyin, da kuma idon mai duba jinin da zai ga ƙwayoyi iri biyu a cuɗe. Wannan haɗin, rashin ƙarfe da rashin folik a jikin mutum ɗaya mai cin abinci daidai gwargwado, ya isa ya sa a waiwayi hanji.

Sai feritin, wanda ke nuna ajiyar ƙarfe a jiki. Ƙasa da 15 tabbas ajiya ta ƙare, kuma likitoci da yawa suna ɗaukar ƙasa da 30 a matsayin rashi. Amma feritin yakan hau idan akwai zazzaɓi ko kumburi a jiki, don haka kada a auna shi ana tsaka da maleriya. Idan dole ne, a haɗa da CRP, gwajin da ke nuna kumburi a jiki, don a san yadda za a karanta shi. A ƙara da folik da B12 idan aljihu zai ɗauka. Idan za a yi ƙarin jini, a ɗebi samfurin waɗannan gwaje-gwaje kafin a ɗaura ledar.

Mataki na 2: a kori abubuwan da suka fi yawa a wurinmu

A ƙasashen da gwaji ke da sauƙi, ƙa'idar ita ce duk baligin da aka samu da rashin ƙarfe a gwada shi siliyak nan take. A wurinmu, inda mara lafiya ke biya daga aljihunsa, hankali ya fi kwanciya da fara da na kusa: gwajin maleriya, gwajin bayan gida don tsutsa, gwajin fitsari don tsargiya musamman ga wanda ke wanka ko noma a rafi da dam, jinotayif don sikila, da HIV. A tambayi mace da kyau game da al'adarta, kwana nawa, ko akwai gudaji, da kuma tazarar haihuwa. A tambayi kowa game da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ana sha kullum, domin suna ƙwarzane ciki ya dinga tsiyayar da jini a ɓoye. A tambayi basir mai jini. A tambayi shayi: mai shan shayi mai kauri tare da kowane abinci yana hana kansa ɗaukar ƙarfe. Ƙwayar H. pylori mai jawo olsa ita ma tana hana ayon aiki, kuma ta yi yawa ƙwarai a cikinmu.

Ra'ayina dai shi ne wannan matakin kada ya zama wurin zama. Ganin tsutsa a bayan gida ba ya nufin an gama. A yi maganinta, a ba da ayon yadda ya kamata, ƙwaya ɗaya a rana ko ranar-sha-ranar-hutu, nesa da shayi da madara, sannan a sa ranar sake awo. Idan rashin ƙarfe ne zalla kuma hanji lafiya lau, haemoglobin kan hau da kamar 1 cikin mako 2, ko kamar 2 cikin wata guda. Idan mutum ya sha da gaske, ba zubar jini yake yi ba, kuma bai hau ba, to kada a sake rubuta masa wani tonik mai tsada. A wuce mataki na gaba.

Mataki na 3: a saurari abin da mara lafiya bai ɗauka da muhimmanci ba

Wasu abubuwa idan suka zo tare da ƙarancin jini suna ƙara zargi. Kumburin ciki da yawan iska bayan cin abinci. Gudawa mai zuwa tana tafiya, ko bayan gida mai maiƙo da ke tasowa saman ruwa, ko ma akasin haka, bushewar ciki. Rama ba dalili. Gyambon baki da ke yawan dawowa. Ciwon ƙashi ko karaya a faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba. Yawan ɓari ko jinkirin samun ciki. Ga yaro, rashin girma da jinkirin balaga. Akwai kuma wasu ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi mai tsanani a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da ɗuwawu, a ɓangarori biyu daidai. Waɗannan siliyak ce ta fito a fata, kuma likitan fata zai iya tabbatarwa da ɗan yanki na fatar.

Mai ciwon suga nau'i na 1, irin wanda ke kama yara da matasa, da mai cutar maƙoƙo da garkuwar jiki ke jawowa, da wanda iyayensa ko ɗan'uwansa na jini ke da siliyak, duk haɗarinsu ya fi na sauran mutane.

Rashin waɗannan alamu duka ba ya wanke kowa. Mutum zai iya zama mai ƙiba, cikinsa lafiya, ƙarancin jinin ne kaɗai shaidar.

Mataki na 4: kada a daina cin alkama tukuna

Nan ne bincike ya fi lalacewa, kuma yawanci da kyakkyawar niyya. Mutum ya ji labarin cutar, ko wani ya ce masa ya gwada barin burodi ya gani, sai ya bari. Bayan wata biyu ya je gwaji. Abin da gwajin jini ke nema shi ne ƙwayoyin garkuwa da jiki ke ƙerawa lokacin da yake faɗa da gulutin. Idan gulutin ya yanke, suna raguwa, hanjin ma ya fara warkewa. Sakamako zai fito babu komai, an yi asarar kuɗi, kuma an bar mutum cikin duhu: ko dai ya ci gaba da ƙaurace wa alkama har abada ba tare da hujja ba, ko ya koma mata yana zaton an wanke shi.

Jin sauƙi bayan barin alkama ba hujja ba ne. Masu cikin da ba ya son wasu nau'ikan sitaci su ma sukan ji sauƙi idan suka bar burodi, alhali hanjinsu lafiya.

Shawarar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ce a ci abinci mai gulutin fiye da sau ɗaya a rana, kullum, na aƙalla mako 6 kafin gwaji. A aikace, burodi ko gurasa da safe, taliya ko fanke ko tuwon semo da rana ko dare. Wanda ya riga ya daina zai koma ci na wannan tsawon lokaci, da sanin likitansa. Idan wahalar ta yi yawa wasu likitoci sukan gajarta zuwa mako 2, amma ingancin sakamakon yana raguwa. Kuma a ci gaba da ci har a gama duban hanji, ba gwajin jini kawai ba.

Wannan ya shafi mutumin ƙauye ta wata fuskar. Wanda abincinsa tuwon dawa da furar gero, alkama sai da salla ko ranar kasuwa, da wuya siliyak ce ke cin jininsa, kuma gwajinsa ba zai faɗi abin kirki ba. Sai a tambayi abin da mutum ke ci a mako kafin a rubuta gwajin.

Mataki na 5: gwajin jini, guda biyu tare

Sunan gwajin farko tTG-IgA. Ba a buƙatar zuwa da yunwa. Dole a haɗa shi da awon IgA gaba ɗaya, wato nau'in ƙwayoyin garkuwar da gwajin ya dogara da shi. Dalili kuwa, kusan 2 zuwa 3 cikin 100 na masu siliyak jikinsu ba ya ƙera IgA ɗin ma sam, don haka tTG-IgA ɗinsu zai fito babu komai ko da cutar ta ci hanjinsu. Idan aka ga IgA ya yi ƙasa, sai a koma gwajin da ya dogara da wani nau'in ƙwayoyin garkuwa mai suna IgG, wato DGP-IgG ko tTG-IgG. Akwai tsohon gwaji mai suna AGA da har yanzu wasu lab ke yi. An daina dogaro da shi saboda yawan kuskurensa. Kada a biya kuɗinsa. Haka ma dogon jerin gwajin "abincin da jiki ba ya so" da ake tallatawa, ba ya gano siliyak.

Ba kowane lab ke yin tTG ba. Manyan lab masu zaman kansu kan karɓi samfurin su tura wani gari, wani lokaci ma wata ƙasa, don haka sakamako kan ɗauki kwanaki. Idan ya fito, kada ka tsaya a kalmar "akwai" ko "babu". Dubi lambar, ka dubi iyakar da lab ɗin ya rubuta a gefe, ka ga ninki nawa ne. Wanda ya ɗan haura iyaka kaɗan zai iya zama daga wani abu daban, kamar ciwon hanta ko wata cutar garkuwa, kuma a nan ne ake ƙara wani gwajin jini mai suna EMA, wanda da wuya ya fito ga wanda ba shi da cutar. Wanda ya ninka iyaka sau 10 ko fiye, kusan tabbas ne.

Mataki na 6: duban hanji da ɗaukar samfuri

Ga baligi, abin da ke rufe magana shi ne endoskofi. Likitan ciki zai zura siririn bututu mai kyamara ta baki, ya wuce tumbi ya shiga farkon ƙaramin hanji. Ana zuwa ba a ci komai ba na awa 6 zuwa 8, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar kwantar da hankali, kuma aikin ba ya wuce 'yan mintuna. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna yin sa.

Abin da ya kamata a rubuta ɓaro-ɓaro a takardar turawa shi ne ana zargin siliyak, a ɗauki samfuri ko da hanjin ya yi kyau a ido. Sau da yawa ɓarnar ba ta ganuwa sai a madubin likita, kuma tana zuwa ne tsilla-tsilla, wani wuri ya lalace wani lafiya. Don haka ƙa'ida ita ce aƙalla yanki 4 daga sashe na biyu na farkon hanjin, da 1 ko 2 daga bakinsa. Yanki ɗaya ko biyu zai iya faɗawa kan lafiyayyen wuri. Tun da an shiga, a ɗauko na tumbi ma don H. pylori.

Likitan da ke duba nama zai ba da rahoto da ma'aunin Marsh. Marsh 1 yana nufin fararen ƙwayoyin jini sun taru a bangon hanji amma tsirran suna tsaye. Marsh 3 yana nufin sun gajarce ko sun shafe.

A nan akwai abin da ya fi shafar mu fiye da Turai. Shafewar tsirran hanji ba siliyak kaɗai ke kawo ta ba. A ƙasashe masu zafi, yawan shan gurɓataccen ruwa tun yarinta yakan dakushe su. Ƙwayar giardia, tarin fuka na hanji, HIV, tamowa, cutar gudawar ƙasashe masu zafi da ake kira sufuru, har da maganin hawan jini mai suna olmesartan, duk sukan bar irin wannan hoton. Saboda haka sai an ɗora sakamakon nama a kan na jini. Jini ya nuna, nama ya nuna Marsh 3: siliyak ce. Nama ya nuna amma jini bai nuna ba, kuma IgA daidai yake, mutum yana cin alkama: a nemi waɗancan dalilan da farko kafin a hana shi burodi har ƙarshen rayuwarsa. Jini ya nuna amma nama lafiya: a tambaya yanki nawa aka ɗauka, ko ya daina cin alkama a tsakani, a sake duba samfurin, a ci gaba da bibiya.

Idan abubuwa suka cakuɗe, akwai gwajin halitta na HLA-DQ2 da DQ8. Kusan duk mai siliyak yana da ɗaya daga cikinsu, amma mutane da yawa masu lafiya ma suna da su, kusan 3 ko 4 cikin 10 a wasu al'ummomi. Amfaninsa a kore ne: idan babu, an kusa rufe batun siliyak. Idan akwai, bai tabbatar da komai ba. Shi ne kaɗai gwajin da barin alkama ba ya shafa.

Ga yara, ƙungiyar likitocin cikin yara ta Turai ta yarda tun 2012, ta kuma sabunta a 2020, cewa idan tTG-IgA ya ninka iyaka sau 10 kuma EMA ya fito a wani samfurin jini na daban, za a iya tabbatarwa ba tare da endoskofi ba. Likitan yara ne zai yanke wannan, ba iyaye ba.

Ga namiji baligi ko macen da ta daina al'ada, musamman wanda ya haura 50, samun siliyak ba ya hana duba babban hanji. Kansar hanji kan fara ne da ƙarancin jini shiru, kuma cuta biyu na iya haɗuwa a jiki ɗaya.

Bayan an tabbatar

Yanzu ne za a bar alkama, baki ɗaya kuma har abada. Burodi, gurasa, taliya, indomi, semo, kuskus, fanke, funkaso, alkaki, cincin, biskit. Sa'armu ita ce abincinmu na asali ba ruwansa da gulutin: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, doya, dankali, gyaɗa. Matsalar tana wurin ɓoyayyiyar fulawa. Ana zuba ta a ɗan wake, wasu na sa ta a ƙullun waina. Injin niƙan da ya niƙa alkama sannan ya niƙa dawarka ya gurɓata ta, haka man da aka soya fanke a ciki. Lemon malt da ake haɗawa da madara a ba mai ƙarancin jini da sunan ƙarin jini, yawanci akwai sha'ir a cikinsa, wato ga mai siliyak ƙarin ciwo ne. A karanta bayan kwalin duk abin da aka saya, har da sinadarin ɗanɗano.

A ci gaba da ayon, a ƙara folik ko B12 idan sun yi ƙasa. Wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, ko mai ciki da haihuwa ta matso, ana iya ba shi ƙarfen ta jijiya tun da hanjin bai warke ba tukuna. Iyaye, 'yan'uwa na jini da 'ya'ya su yi tTG-IgA ko da lafiyarsu ƙalau, domin kusan 1 cikin 10 nasu kan samu da ita.

A sake tTG-IgA da FBC da feritin bayan wata 6, sannan bayan shekara. Ga yawancin mutane jini kan daidaita cikin wata 6 zuwa 12, ajiyar ƙarfe kuma takan ɗauki fiye da haka. Idan shekara ta zagayo tTG bai sauka ba, kusan kullum alkama ce ke shigowa ta wata ƙofa, sai a zauna a bi abincin mako guda kwano-kwano. Idan tTG ya sauka amma jini bai hau ba, to akwai wurin da jinin ke zuba, a koma kan al'ada, tsutsa, magungunan ciwon jiki da babban hanji.